Dokar Taimaka wa Majinyaci Ya Mutu, da Jinyar Kawo Sauƙi

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri da rumbu, mu ɗauki wata magana mai nauyi. Waɗansunku masu sauraron rediyo sun ji cewa majalisun dokoki na ƙasashen Turai suna ta gardama a kan ko ya kamata doka ta yarda likita ya ba majinyaci maganin da zai kashe shi, idan majinyacin da kansa ya roƙa. Wanda ya ji labarin a taƙaice zai kama baki ya ce Turawa sun gama lalacewa. Amma maganar ta fi haka zurfi, kuma akwai sashinta da ya shafi kowane gida a ƙauyukanmu, wato yadda muke jinyar mutumin da asibiti ya ce ba sauran magani. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana ta dalla-dalla, domin a karanta a taron ƙungiya, a tattauna.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Kafin mu shiga labarin dokokin, sai mu raba abubuwa uku da mutane sukan haɗa wuri ɗaya. Na fari shi ne dakatar da maganin da ba ya ƙara amfani. Misali, tsoho yana da ciwon daji wanda ya riga ya bazu a jiki, likita ya ga wata fiɗa ba za ta warkar da shi ba, sai dai ta ƙara masa wahala, tsohon kuma ya ce a bar shi ya koma gida. In ya mutu, cutar ce ta kashe shi. Na biyu shi ne ba da magani mai ƙarfi domin a kwantar da zafin ciwo, bisa ma'aunin da ya dace da zafin. Nufin a nan shi ne mutum ya sami barci, ya iya magana da iyalinsa. Na uku shi ne a ba mutum magani da niyyar ya mutu, ko likita ya yi masa allura, ko kuwa ya rubuta masa maganin ya sha da hannunsa. Na ukun nan ne ake gardama a kansa a majalisu. Na fari da na biyu kuwa, likitoci da yawancin ikkilisiyoyi sun daɗe da yarda da su. Muna roƙo ku riƙe wannan bambanci, gama rashin saninsa yakan sa iyali su hana majinyacinsu maganin zafi, suna tsoron kada su zama masu kisankai.

Yadda dokokin suka zo

A jihar Oregon ta Amurka, jama'a sun jefa ƙuri'a a 1994, dokar kuma ta fara aiki a 1997. Sharuɗɗanta su ne mutum ya zama baligi, yana cikin hankalinsa, likitoci biyu su shaida cewa ba a sa ran zai wuce wata shida, kuma shi ne zai sha maganin da kansa. Ƙasar Holan da ta Beljiyam suka bi a 2002, amma tasu dokar ta fi faɗi. A can ba lalle sai mutum yana bakin mutuwa ba, abin da ake dubawa shi ne wahalar da ya ce ba zai iya jurewa ba, wadda kuma ba a ga hanyar sauƙinta ba. Likita ne kuma yakan yi allurar. A 2014 Beljiyam ta cire iyakar shekaru, har yara suka shiga ƙarƙashin dokar bisa waɗansu sharuɗɗa masu tsanani. A Holan an ba da rahoton mutum 9,068 da suka mutu ta wannan hanya a 2023, wato fiye da kashi 5 cikin 100 na dukan waɗanda suka mutu a ƙasar a shekarar. Sifen da Niyuzilan su ma dokokinsu sun fara aiki a 2021.

Labarin Kanada ya isa a tsaya a kansa, domin kowane ɓangare a gardamar yakan ambace shi. A 2015 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce haramcin da ke akwai ya tauye 'yancin mutane. A 2016 majalisa ta yi doka domin waɗanda ake ganin mutuwarsu tana tafe. Bayan shekara biyar, a 2021, aka cire wannan sharaɗi, ya zama mai naƙasa ko mai doguwar cuta wadda ba ta kisa nan da nan shi ma yana iya roƙo. An kuma shirya a shigar da waɗanda cutarsu ta tabin hankali ce kaɗai, amma aka yi ta ɗagawa, har a 2024 aka ɗaga zuwa Maris 2027. A 2023 mutum 15,343 suka mutu ta wannan hanya a Kanada, kusan mutum 1 ke nan cikin kowane 20 da suka mutu. A 2024 wani kwamiti na ofishin binciken mace-mace na lardin Ontariyo ya bayyana labarin waɗansu da kaɗaici da rashin muhalli mai kyau suka shiga cikin dalilan roƙonsu. A 2025 kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yancin naƙasassu ya shawarci Kanada ta soke gyaran nan na 2021. Masu ƙin dokar sukan ce, kun gani, in an buɗe ƙofa kaɗan, sai ta yi ta buɗuwa. Masu goyon baya sukan amsa da Oregon, inda sharaɗin wata shida bai canza ba tun 1997. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa game da ƙasar da suka zaɓa su nuna.

A Ingila, dokar 1961 ta ce wanda ya taimaki wani ya kashe kansa yana iya shan ɗauri har shekara 14. Saboda haka waɗansu masu hali sukan tafi Suwizalan, inda doka ta daɗe ba ta hukunta irin wannan taimako in ba don son zuciya aka yi shi ba. A 2015 an kawo ƙudurin canza dokar Ingila, majalisar wakilai ta ƙi da ƙuri'a 330, masu yarda 118. Bayan shekara tara wata 'yar majalisa, Kim Leadbeater, ta sake kawo shi. A ranar 29 ga Nuwamba 2024 ya tsallake matakin farko na ƙuri'a da 330 a kan 275, a ranar 20 ga Yuni 2025 kuma ya wuce majalisar wakilai da 314 a kan 291. Ku lura yadda ratar ta ragu daga 55 zuwa 23. Daga nan aka miƙa shi ga majalisar dattawa, inda aka tara masa shawarwarin gyara fiye da 1,000. Ƙudurin ya shafi baligin da ba a sa ran zai wuce wata shida, likitoci biyu su duba shi, sa'an nan wani kwamiti na mutum uku, masanin shari'a da likitan ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jin daɗin jama'a, su tabbatar ba wanda ya matsa masa. Jam'iyyu ba su tilasta wa 'ya'yansu ba, kowa ya jefa ƙuri'a bisa lamirinsa. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ƙi ƙudurin, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne jinyar masu mutuwa a ƙasar ba ta kai yadda za a ce mutum yana da zaɓi na gaske ba.

A Faransa ma haka maganar jinya ta shigo tsakiyar gardamar. A ranar 27 ga Mayu 2025 majalisar wakilai ta jefa ƙuri'a a kan ƙuduri biyu a rana ɗaya. Na taimaka wa mutum ya mutu ya sami 305, masu ƙi 199. Na faɗaɗa jinyar masu mutuwa kuwa, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi shi. A lokacin akwai gundumomi wajen 20 a ƙasar da ba su da sashen irin wannan jinya a asibitocinsu, a ƙasa mai arziki kamar Faransa.

Abin da kowane ɓangare yake faɗi

Bai kamata mu mai da masu goyon bayan dokar mugayen mutane ba. Da yawa cikinsu sun zauna kusa da uwa ko miji suna kallon wahala wadda ta fi ƙarfin magana, suka ce ko dabba ba a barinta haka. Suna cewa rai na mai shi ne, kuma akwai ciwon da ko gwanayen likitoci ba sa iya kwantar da shi sarai. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ko da yake irin waɗannan kaɗan ne. Har cikin shugabannin ikkilisiya an sami masu wannan ra'ayi, kamar Desmond Tutu na Afirka ta Kudu da George Carey, tsohon Babban Bishop na Kantabiri. Amma yawancin ikkilisiyoyi sun tsaya a kan cewa rai kyauta ce daga Allah, mu masu riƙon amana ne, kuma dokar nan ta shida cikin Dokoki Goma ba ta ware majinyaci ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suka tsaya. A watan Oktoba 2019 shugabannin Kirista da Musulmi da Yahudawa sun sa hannu a takarda ɗaya a Batikan, suna ƙin kashe majinyaci, suna kuma kira a ƙarfafa jinyar kawo sauƙi.

Akwai wani abu cikin rahoton da jihar Oregon take bugawa kowace shekara wanda ya ja hankalinmu. Ana tambayar dalilan da suka sa mutane suka nemi maganin. Zafin ciwo ba shi ne a gaba ba. Abin da ya fi yawa, wajen mutum 9 cikin 10, shi ne rashin iya yi wa kai abu da rashin iya yin abubuwan da suke sa rai ya yi daɗi. Kusan rabi kuma sun ambaci tsoron zama kaya a wuyan iyali. Wannan tsoro mun san shi. Tsohuwar da ta ga an sayar da akuyoyi, an jinginar da gona saboda ita, takan ce, ku bar ni haka, na gaji da wahalshe ku. A ganinmu, a nan babban hatsarin yake. In doka ta buɗe hanya, wanda ya fi tawali'u da tausayin 'ya'yansa shi ne zai fara jin cewa ya kamata ya kauce, ko da ba wanda ya ce masa uffan. Ba kwamitin da zai iya auna irin wannan matsi, gama a cikin zuciya yake.

Jinyar kawo sauƙi, mece ce ita?

Wata mace Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta kafa wannan aiki yadda aka san shi yanzu. Ta fara da aikin nas, ta koma ma'aikaciyar jin daɗin majinyata, sa'an nan ta koma makaranta ta zama likita a 1957, domin an gaya mata likitoci ba za su saurari nas ba. A 1948 wani majinyaci Bayahude daga Folan, wanda ta yi ta ziyarta har ya mutu, ya bar mata fam 500 domin gidan da take mafarkin ginawa. Sai a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan. Mai bi ce, kuma ta ƙi dokar kashe majinyaci har ƙarshen ranta. A gidan nan da ta gina ta mutu a 2005.

Abu biyu ta koyar. Na ɗaya, ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai zafin jiki, akwai tsoro da baƙin ciki, akwai damuwar wa zai ciyar da yara, akwai kuma tambayar ruhu, ko Allah ya yashe ni, ko za a gafarta mini. Duka huɗun suna ƙara wa juna ƙarfi. Mutumin da bashi ya hana shi barci, zafin jikinsa ma yakan ƙaru. Na biyu, ba a jira sai zafi ya dawo mutum ya yi kuka kafin a ba shi magani. Ana ba shi a kan lokaci, bisa agogo, domin maganin gaba ya tarar da na baya bai gama aiki ba. Manomi zai gane wannan da sauri, gama wanda ya jira sai ciyawa ta rufe gero kafin ya ɗauki fartanya, aikinsa ya ninku.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku. Zafi kaɗan, a fara da irin su farasitamol. In bai kwanta ba, a hau zuwa magani mai matsakaicin ƙarfi. In ya yi tsanani, sai mofin, wanda ake samu daga wata shuka, ana kuma iya shansa ta baki kamar ruwan magani, yawanci kowane awa huɗu. Da wannan tsari ana iya kwantar da zafin ciwon daji ga yawancin majinyata. A 2014 babban taron hukumar ya amince cewa wannan jinya sashi ce ta aikin lafiya da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Duk da haka, lissafin hukumar ya nuna mutum wajen miliyan 56.8 suke bukatarta kowace shekara, kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samu. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da binciken ya nuna ba su sami ko kashi 1 cikin 100 na abin da suke bukata ba.

Ko a Ingila, inda aikin ya fara, gidajen jinyar nan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kuɗinsu yake fitowa daga gwamnati, sauran daga gudummawar jama'a da kantunan sayar da kayan gwanjo. Shi ya sa likitoci da yawa masu wannan aiki suka ce, a fara gyara jinya tukuna. Masu goyon bayan dokar suka amsa cewa ana iya yin duka biyu, suka nuna Beljiyam ta yi dokar jinyar kawo sauƙi a shekara ɗaya da ɗayar, a Oregon kuma yawancin waɗanda suka sha maganin suna cikin masu samun jinyar. Mu dai mun tsaya tare da masu cewa a fara da jinya. Mutumin da aka ce ya zaɓa tsakanin mutuwa da zafin da ba wanda ya yi ƙoƙarin kwantar masa, ba zaɓi aka ba shi ba.

To, mu fa?

A Nijeriya doka ta hana. Dokar laifuffuka ta kudu, sashi na 326, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya taimaki wani ya kashe kansa, dokar Final Kod ta arewa ita ma ta sa shi cikin manyan laifuffuka. Amma ƙin karɓar magani dabam ne. A 2001 kotun ƙoli ta yanke cewa baligi mai cikakken hankali yana da iko ya ƙi maganin da ba ya so. Kun ga ke nan shari'armu ma ta san bambancin da muka fara da shi. A Afirka ta Kudu wata babbar kotu ta ba wani lauya mai ciwon daji izini a 2015, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2016.

Damuwarmu a ƙauye wata ce dabam. Ita ce maganar nan da kowa ya sani, ku kai shi gida. Ana faɗinta a bakin gado, iyali su nemi mota, a dawo da mutum ɗakinsa da 'yan ƙwayoyin farasitamol, ba wanda ya gaya masa sunan cutarsa, ba wanda ya koya wa matarsa yadda za ta juya shi. Daga nan sai a shiga yawon masu magani, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a kawo baƙin bunsuru. Kafin a yi jana'iza shanun huɗa sun tafi, gonar fadama ta tafi, yara sun bar makaranta. Muna iya yin alfahari cewa ba mu da dokar Turawa, amma mutumin da aka bari yana nishi dare da rana har maƙwabta suka daina shiga gidan, ba za mu ce mun girmama ransa ba.

Abin ƙarfafawa shi ne an riga an nuna ana iya yin wannan jinya a Afirka da kuɗi kaɗan. Gidan jinya na farko irin wannan an buɗe shi a Harare ta Zimbabuwe a 1979. A 1993 wata likita, Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin mishan a kudu maso gabashin Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda. Ta kawo hanyar haɗa ruwan mofin mai araha: garin maganin, da ruwa mai tsabta, da abin hana shi lalacewa, da launi domin a bambanta mai ƙarfi da marar ƙarfi, a zuba a gorar ruwa. Da yake likitoci ba su isa ƙauyuka ba, a 2004 gwamnatin Yuganda ta yarda nas-nas da mataimakan likita waɗanda suka sami horo na musamman su riƙa rubuta maganin. Yawancin jinyar kuma a gidajen mutane ake yi, ma'aikata suna zagayawa. Likitar ta rasu a Kampala a 2025. A nan gida, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan jinya a 2007, bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, waɗansu manyan asibitocin koyarwa da na tarayya kuma suka bi baya.

Sai mu faɗi wani abu game da tsoron mofin, domin tsoron yana da dalili. Mun ga abin da taramol da kodin suka yi wa samarinmu, har a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Amma saurayin da yake shan ƙwaya don ya bugu dabam yake da mai ciwon daji da likita ya auna masa magani daidai da zafinsa. In an bi ma'auni, ana ƙarawa a hankali, mofin ba ya gaggauta mutuwa, kuma da wuya ya mai da irin wannan majinyaci mashayi. A kwanakin farko yakan kawo gyangyaɗi ko tashin zuciya, su wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, saboda haka a nemi maganinsa tun ranar farko. A asibiti kaɗai ake karɓarsa, da takardar likita. Kada a saya a kasuwa ko wurin mai talla a babur. A kulle shi inda yara da samari ba za su kai ba, in majinyaci ya rasu kuma a mayar da ragowar asibiti.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tun kafin a bar asibiti, mutum biyu daga iyali su zauna da likita su yi tambaya a fili. Mece ce cutar? Akwai maganin warkewa, ko sai na sauƙi? Wane magani za a ba shi in zafi ya ƙaru, a ina kuma za a samu in ya ƙare? Akwai sashen jinyar kawo sauƙi a nan ko a asibitin koyarwa mafi kusa? Mun lura mutanenmu suna jin nauyin yi wa likita tambaya, sai su fito su tambayi mai shara. In akwai ɗan ƙungiya mai ilimi, ya raka su. In amsar ita ce ba warkewa, to, iyali su yi shawara kafin su sayar da abin noma. Ƙin sayar da gona domin fiɗar da likita da kansa ya ce ba za ta yi amfani ba, ba rashin ƙauna ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba.

Maganar gaya wa majinyaci gaskiya tana da wuya a al'adarmu. Mukan ce kada a karya masa zuciya. Amma sau da yawa ya riga ya sani, yana yin shiru ne don kada ya karya tamu. Ba a tilasta wa mutum jin abin da ba ya so ya ji. In ya tambaya dai, kada a yi masa ƙarya. Wanda ya sani yana da zarafi ya nuna iyakar gonakinsa a gaban shaidu, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya shirya da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana, ya karɓi Jibin Ubangiji. Gwauraye da marayu da yawa sun rasa gona saboda an ɓoye wa maigida halin da yake ciki har bakinsa ya rufe. Fastoci da dattawa kuma su yi hankali da irin addu'ar da take sa majinyaci ya ji kamar ƙarancin bangaskiyarsa ne ya hana shi tashi. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru tare da shi.

Aikin hannu kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ta duwawu da diddige za ta mutu ta zama gyambo. Shimfiɗa ta zama busasshiya, mai laushi, ba ƙullutu. A goge masa baki da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri kaɗan, a shafa man basilin a leɓe. Gyambo mai wari, a wanke da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya, gama akwai ƙwaya mai araha da ake niƙawa a barbaɗa ta kashe warin. Wari ne yakan fara korar masu ziyara, in an kashe shi mutane za su dawo. Game da abinci, a ba shi kunu ko koko ko romo kaɗan kaɗan, gwargwadon yadda yake so. In kwanaki sun ƙarato jiki da kansa yakan daina neman abinci. Ɗura masa da ƙarfi yana iya sa ya shaƙe, abincin ya shiga huhu. A lokacin jiƙa baki da cokalin ruwa ya isa.

Sai mai jinyar. Yawanci mace ɗaya ce, mata ko 'ya ko suruka, ita ce dafa abinci, ita ce wanki, ita ce tsaron dare, har ta faɗi ita ma. Zumuntar mata tana iya raba kwanaki a rubuce, kowace ta san darenta, maza kuma su ɗauki jinyar maza da ɗebo ruwa da itace. Ƙungiya ta sa gonar gidan cikin jerin gayya tun daga shuka har girbi, ba sai an roƙa ba, domin majinyaci ya ji da kunnensa cewa an nome gonarsa. Wannan yana rage tsoron nan na zama kaya a wuyan iyali fiye da kowace irin magana. Inda ƙungiya take da asusu, a ware wani abu a lokacin kaka, ko mudu biyu biyu daga kowane ɗan ƙungiya, domin kuɗin motar zuwa karɓo magani, gama nisan asibiti ne yakan sa magani ya yanke a tsakiya. In kuma ɗan ƙungiya yana da bashin taki ya kwanta irin wannan ciwo, kwamiti ya zauna da wuri ya yanke abin da za a yi da bashin, ya je ya gaya masa tun yana iya ji. Ikkilisiyoyin da suke da ɗakin shan magani su nemi a tura ma'aikaci ɗaya ya sami horon wannan jinya a asibitin koyarwa, ya dawo ya koya wa mutum biyu ko uku a kowace ƙungiya.